Yadda Minista Ya Kai Papa Lofombo Biko

Duk faɗin Kisangani, in ana neman mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki, kada a sha wahala, a nufi rumfar gyaran rediyo ta bakin kasuwa a tambayi Papa Lofombo. Babu abin da bai iya ba a duniya, in dai a baki ne. Ya taɓa gyara jirgin sama. Ya taɓa marin kada har ta ba shi hanya. Kakansa kuwa, in ji shi, cikakken mutumin Lokele ne, irin waɗanda ake haifa cikin kwalekwale, su yi aure a ciki, su tsufa a ciki. Alhali shi Lofombo ko wankan kogi bai taɓa yi ba, da bokiti yake wanka a bayan ɗaki.

Wannan bakin ne ya kore masa mata. Iyeli tana da keken ɗinki na ƙafa wanda yake ciyar da gidan, sai gogan naka ya tashi wata safiya ya ce zai mayar da shi mai aiki da lantarki. Kafin la'asar keke ya zama tarkace cikin kwanduna uku. Iyeli ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure kayanta, ta hau jirgin ruwa, ta koma ƙauyensu Bolondo, can ƙasa da garin Lisala, gidan kawunta Tsoho Bokele.

Bayan wata biyu saƙo ya iso daga Kawu: in Lofombo yana son matarsa, ya zo da bunsuru, ya miƙa igiyar da hannunsa, kafin kakar tsutsa, irin ta itace da ake ci a can, ta wuce. In ta wuce, ya riƙe bunsurunsa, su riƙe 'yarsu.

To, haka aka yi Lofombo ya tsinci kansa a kan jirgin ruwan da ake kira Malembe. Inji ne a baya yana tari, yana tura dandamalin ƙarfe uku da aka ɗaure da wayoyi, a kai kuma ga buhunan masara, ga katako, ga mutum ya fi dubu a ƙarƙashin tamfol, kowa da murhun gawayinsa. Tafiyar jirgin kuwa, in tsohuwa ta ɗauko itace a bakin gaɓa, sai ta wuce shi ta juyo ta yi masa sannu. Lofombo ya samu gurbi tsakanin buhunan gishiri da shimfiɗar Mama Bolumbu, wata 'yar kasuwar bandar kifi da ta shekara ashirin tana hawa da sauka a wannan kogi. Ya ɗaure bunsurunsa a jikin ƙarfe, ya rataye farar kwat ɗinsa cikin leda, ya gyara murya.

"Mama, kin san Bolondo?"

"Na san ta. Jirgi ba ya tsayawa can."

"Ai shi ne daɗin abin. Kowa in zai sauka sai ya roƙi masu kwalekwale su ɗauke shi kamar buhun rogo. Ni ba haka za a yi ba. Kwalekwalena zan saya. Zan sa wannan kwat, in tsaya a tsaye kamar kakana, bunsuru a gaba, filafili a hannu, in yanka ruwa har bakin gaɓa, gari duka yana kallo. Iyeli na ganina za ta fashe da kuka ta ruga ɗaure kaya."

Mama Bolumbu ta dube shi tun daga hula har silifa. "Papa, ka taɓa riƙe filafili?"

"A jinina yake."

"To ka roƙi Allah ya gangaro da shi hannu. Kai! Kama dabbarka!"

Bunsuru ya riga ya zura kai cikin kwandonta ya gama da rabin ganyen rogon da za ta yi miya. Kafin a janye shi ya haɗa da gefen zanen da ta shanya. Kafin rana ta faɗi ya ɗanɗana tamfol ɗin wani fasto, ya cinye takardar shaidar wani malamin makaranta, ya lashe sabulun wata mai jego. Mama Bolumbu ce ta raɗa masa suna Minista, ta ce ba ta taɓa ganin wanda yake cin kayan jama'a ido a bushe haka ba sai ministoci. Sunan ya bi jirgi tun daga hanci har wutsiya.

Kwana bakwai ana tafiya, daji a dama, daji a hagu, sai ruwa mai launin shayi. Duk ƙauyen da aka doso, kwalekwale sukan fito kamar ƙudaje, su tari gaban jirgi, su juya su bi gefensa, na gaba ya yi tsalle da igiya ya ɗaure a jikin tsohuwar tayar da ke rataye a gefen jirgi, duk jirgi yana tafiya. Su sayar da kifi, da ayaba, da tsutsa, da bammi, su sayi gishiri da ashana, su kwance, su tuƙa su koma gida. Wanda ya kuskure, ruwa ya kifar da shi, jirgi ya yi masa ihu ya wuce. Lofombo yana zaune bisa buhu yana ba su maki.

"Dubi wancan, ya riƙe filafili kamar muciya. Yaran yanzu ba su san ruwa ba. Da kakana na nan da ya zane su."

Ƙasa da garin Bumba ya samu abin da yake nema. Wani masunci mai ido ɗaya yana jan wani tsohon kwalekwale a bayan nasa. Lofombo ya ciro rediyo daga jaka, ya kunna, ya faki idon mutumin ya ɗan doke ta a gefe, ta fara waƙa.

"Wannan tana kama Kinshasa, tana kama Faransa, in ka ɗaga ta sama har Amirka take kamawa. Ba ni wancan kwalekwalen."

Masunci ya karɓi rediyo da hannu biyu, ya miƙa igiya, ya tuƙa ya tafi ko waiwaye babu. Lofombo ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

"Na cuci baƙauye! Rediyon nan sai an mare ta take magana, kuma batirin na yau ne kawai."

Mama Bolumbu ta leƙa ƙasa. "Shi ma yana can yana dariya. Ka ga wancan ƙunshin tsumma da ganye a gindin kwalekwalen? Rami ne aka toshe, kan jariri zai shige."

"Wannan ado ne na mutanen ruwa, Mama. Ba za ki gane ba."

Abin da ya hana Lofombo sukuni shi ne jinkiri. Tsutsar da ake kawowa a kwanduna ta fara raguwa, alamar kakarta na shirin wucewa, ga jirgi yana jan ciki kamar mai ciwon baya. Ya bincika, ya gano mai laifi: Ekofo, wani dogon mutum da yake tsaye a hancin jirgi tun safe har yamma da gora mai zanen fenti ja da fari. Ya tsoma ta a ruwa, ya duba inda ta jiƙe, ya ɗaga yatsu sama. Kyaftin, can baya a ɗakinsa na sama, da waɗannan yatsun yake tuƙi. In sun yi yawa ya ƙara wuta, in sun ragu ya rage ya karkata.

Lofombo ya je ya tsaya masa a kai. "Ɗan'uwa, kullum yatsa biyu, yatsa biyu. Sauran ukun kuturta ta cinye?"

"Ruwa ya ja baya, Papa. Yashi ne a ƙasa."

"Tsoro ne a ƙasa. Ni da ido kawai nake gane zurfin ruwa."

"To koma ka gane zurfin cikin bunsurunka, ga shi can yana cin igiyar shanya."

Rannan da rana tsaka Ekofo ya ci tsutsa da barkono fiye da ƙima, cikinsa ya murɗa. Ya jingine gora, ya ce wa abokin aikinsa ya zo ya karɓa, ya ruga wutsiyar jirgi inda ake layin ban-ɗaki. Kafin abokin ya tsallako buhuna, Lofombo ya riga ya cafe gora. Ita gorar a miƙe ake tsoma ta. Shi kuwa ya wurga ta can gaba a karkace kamar mai sukar kifi, ta nutse har kusa da hannunsa. Ya juyo da fara'a, ya ɗaga yatsu biyar. Ya ga kamar bai isa ba, ya saki gora, ya ƙara biyar.

Kyaftin, wanda rabonsa da ganin yatsu biyar tun Kisangani, ya buɗe wa inji wuta.

Malembe ya yi gudun da bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi, na kamar minti guda. Sai gurum! Tukwane suka kife, miyar manja ta bi ƙafafun mutane, kaji suka tashi sama, fasto ya faɗa cikin kwandon bandar kifi. Ekofo ya fito daga ban-ɗaki riƙe da wando yana ashar da harsuna uku. Jirgi ya hau tudun yashi ya zauna daram, kamar an haife shi a wurin.

Kyaftin ya sauko da kansa. "Wane ɗan banzan ne ya ba ni goma?"

Yatsu dubu suka nuna mutum ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Lofombo, "lokacin da na auna akwai ruwa. Yashin ne ya taso daga baya. Yakan yi haka."

Ba don Mama Bolumbu ta shiga tsakani ba, tana cewa a bar mata shi ita za ta kashe shi a hankali, da an jefa shi kogi a ranar. Aka ce duk namiji ya sauka a haƙa yashi a tura. Maza suka tuɓe riguna suka dira. Lofombo ya tsaya a gefe yana nuna musu inda za su haƙa.

"Sauka," in ji Mama Bolumbu.

"Ni aikina tsari ne, Mama. Kuma na hango kada."

"Ai kun saba, ka mare ta." Ta sa ƙafa ta tura shi.

Ihun da ya yi, har tsuntsayen daji sai da suka tashi. "Wayyo na mutu! Ku cece ni! Ku gaya wa Iyeli na yafe mata!" Yana bugun ruwa da hannu da ƙafa, yana shan na sha, yana furzar da na furzarwa. Ekofo ya tako a hankali, ya kama wuyan rigarsa, ya tsayar da shi. Ruwan iya gwiwa.

Jirgi duka ya ɗauki shewa. Mama Bolumbu ta leƙo. "Jikan Lokele, ashe ba ka iya iyo ba?"

Lofombo ya matse hularsa ya mayar kai. "Mu a gidanmu ba a koyon iyo. Iyo na masu faɗawa ruwa ne. Mu ba ma faɗawa."

Kwana uku aka yi a kan yashin nan. Aka sauke buhuna, aka haƙa, aka tura, aka mayar. Babu mai yi wa Lofombo magana sai Minista, shi ma don ya ga ledar kwat ne.

Ranar da za a wuce Bolondo, tun da safe Lofombo ya sa a sauke masa Minista cikin kwalekwale, wai ya saba da wurin zamansa. Shi kuma ya tsaya kwalliya: farar kwat, jan laktaye, takalmi mai tsini, turare har ana tari. Ekofo, duk da haushin da yake ji, ya zo ya same shi.

"Papa, saurara, don matarka zan faɗa ba don kai ba. Igiya biyu ce ta riƙe kwalekwalen nan. Ka fara kwance ta baya. Ta gaba ita ce ƙarshe, kana sakinta ka tura jikin jirgi da ƙarfi ka yi nesa. Kuma ka zauna. Ka zauna, na ce."

"Ta baya kafin ta gaba? A ina ka taɓa ganin wutsiya ta riga kai fita? Je ka ga gorarka."

Rufin Bolondo ya bayyana a kan gaɓa, mutane sun yi cincirindo a bakin ruwa, kwalekwalen ƙauye sun taso. Masu jirgi kuwa kowa ya bar abin da yake yi, har masu layin ban-ɗaki suka fasa, aka yi dafifi a gefe guda har sai da kyaftin ya yi ihu a rage. Lofombo ya sauka cikin kwalekwale, ya ji sanyi a idon sawu. Ya duba. Ruwa. Ya dubi Minista. Minista yana tauna ƙarshen tsumman da aka toshe rami da shi.

Mai hankali da ya hau ya koma. Lofombo ya ɗaga kai ya ga idanu dubu, ya gyara laktaye, ya miƙe tsaye, ya ɗaga filafili sama.

"Jama'a, ku buɗe ido ku koya!"

Ya kwance igiyar gaba.

Ruwa ya kama hancin kwalekwale ya fizge shi waje. Ya juya kamar faifai, igiyar baya ta riƙe shi, ya dawo ya daki jikin jirgi, ƙwal! Filafili ya yi nasa wuri. Minista, wanda ya fi ubangidansa lissafi, ya daka tsalle ya dira cikin wani kwalekwalen da ya matso yanzun nan. Na Lofombo ya cika ya nutse a ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuma ya rungume tsohuwar tayar da take rataye a jikin jirgi. Daga ƙugu zuwa ƙasa yana cikin ruwa, ruwa yana ja. Ya fara da takalmi. Ya dawo ya karɓi wando.

"A tsayar da jirgi! A gaya wa kyaftin ya tsaya!"

"Ka riga ka tsayar da shi kwana uku," in ji Mama Bolumbu daga sama. "Rabonka ya ƙare."

Kwalekwalen da Minista ya faɗa ya matso, mai shi ta wurga igiya ta ɗaure a tayar kusa da tasa, ɗauri ɗaya, ko kallo ba ta yi ba. Ya cika da kwanga, tuwon rogo naɗe a ganye, an jera shi kamar itace. Lofombo ya juya kai. Iyeli ce.

"Iyeli! Matata! Ni ne!"

Ta dube shi, ta dubi wandon da yake tafiya Kinshasa shi kaɗai. "Na gani. Ɗan riƙe tukuna, ina ciniki." Ta ɗaga kai. "Mama, kwanga mai zafi! Akwai gishiri?"

"Akwai, 'yata. Ke ce mai wannan kayan?" Mama Bolumbu ta nuna Lofombo da leɓe.

"Ni ce, Mama."

"Sannu. Allah ya ba ki lada. Ga sabulu kyauta."

Sai da Iyeli ta sayar da kwanga tas, ta zaɓi ashana, ta ɗanɗana gishiri, ta tambayi labarin Kisangani, Lofombo yana rataye yana kiran sunayen waliyyai. Har Bolondo ta fara ɓacewa a baya. Sannan ta jera kayanta, ta zaunar da Minista a tsakiya, ta duba.

"Babu wuri."

"Iyeli, ki sauke bunsurun!"

"Bunsuru Kawu ya ce a kawo. Kai ai rakiya ka yi."

Ta jefa masa jarkar manja da babu komai ciki. Ta kama doguwar igiyar Minista, ta naɗe tsakiyarta a wutsiyar kwalekwale, ta wurga masa bakin. "Rungume jarka, riƙe wannan. In ka saki, ka gaida mutanen garin Mbandaka can ƙasa." Ta kwance, ta tura jikin jirgi da ƙafa, ta yi nesa. Malembe ya wuce yana tari, mutum dubu suna tafi, Ekofo ya ɗaga wa Lofombo yatsu goma.

Haka Iyeli ta tuƙo ta bi gefen gaɓa tana hawa ruwa, a tsaye, bunsuru a zaune, miji a baya yana tsalle bisa jarka kamar ƙaton kifin da aka kamo. Bolondo duka tana bakin ruwa. Tsoho Bokele yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin itacen kwakwa da sandarsa. Kwalekwale na taɓa ƙasa Iyeli ta warware igiya. Minista ya hango ganyen rogo an shanya a bayan kujerar Kawu, ya zabura. Lofombo kuwa tsoro ya sa ya naɗe igiyar a wuyan hannu. Bunsuru ya ja shi ta cikin taɓo, a kan ciki, ya haye gaɓa da shi, ya ajiye shi daidai ƙafar tsohon.

Kwat ta zama kalar kogi. Laktaye ya koma ƙeya. Daga ƙugu zuwa ƙasa sai gajeren wando mai hoton zakara.

Tsoho Bokele ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. "Iyeli, wanne ne mijin naki a cikinsu?"

"Na ƙasan, Kawu."

"Ash. Na so a ce ɗayan ne, ya fi kuzari." Ya zunguri Lofombo da sanda. "Suruki, na aika ka zo da bunsuru. Ga shi bunsuru ya zo da kai."

Lofombo ya tofar da laka, ya ɗaga hannun da igiya take naɗe. "Papa, cewa ka yi in miƙa igiya da hannuna. Ga igiya. Ga hannu. Kakar tsutsa ta wuce?"

Tsohon ya dubi dattawa. Dattawa suka dubi igiya. Wani ya ce gaskiya jiya ma an ci tsutsa a gidansa. Dariya ta ƙwace wa Kawu har ya ƙware, ya miƙa hannu ya karɓa.

"An karɓa. In ta yarda, matarka ce."

Iyeli ta ɗora buhun gishiri a kai. "Na yarda, Kawu, tunda babu mai karɓar min shi. Amma jirgin hawa Kisangani sai bayan wata biyu. Kafin nan, kullum da safe shi zai riƙa kwashe min ruwa a kwalekwale. A zaune." Ta jefa masa ƙoƙo.

Lofombo ya miƙe, ya gyara abin da ya rage na kwat, ya dubi taron. "Ku shaida, na ce zan sauka gari duka yana kallo. Akwai wanda bai kalla ba?" Sai idonsa ya faɗa kan wani injin kwalekwale da aka jingine a jikin itacen kwakwa, sabo fil, Kawu ya lulluɓe shi da zane. Ya matsa taku ɗaya, yana murza yatsu.

"Papa, wannan injin naka, wa yake duba maka shi? Don ni a Kisangani..."

Iyeli ta sauke gishiri, ta ɗauki filafili.

"A zaune," in ji Lofombo, ya ɗauki ƙoƙo ya nufi bakin ruwa.